Bashi ya yi maka katutu, amma kada ka juya filin nan da sunan uwargida

Wani ɗan kasuwa daga Katako ya turo wannan saƙo ya roƙa a sakaya sunansa. Na rage tsawonsa amma ban taɓa lissafinsa ba:

"Malam, ni mutumin Tawa ne amma nan Yamai nike sana'ar kayan gini, karo da fenti da tiyo. Tun da anka rufe iyakar Benin a 2023 kayana sunka daɗe a Kwatano, kuɗin ajiya da na kewayowa ta Lome sunka cinye riba har da uwar kuɗi. Yanzu banki na bina miliyon 9 kuma takardar gidana na hannunsu, asusun ƙananan rance na bina miliyon 2 da rabi wanda surukina ya tsaya mini, Alhajin da ke ba ni kaya miliyon 6, sai miliyon 1 da rabi na gwaggona da ta ba ni ajiya na zuba cikin kaya. Yaran butik biyu wata 3 ban biya su ba. Kayan da ke magaza za su kai miliyon 7, ina bin mutane kamar miliyon 4, ina da fili bayan gari da zai yi miliyon 5, kuma butik na barin mini jikka 300 zuwa 400 a wata bayan cefane. Wisiye, wato mai isar da takardun shari'a da yin kwace, ya kawo takarda daga asusun. Ƙanena da ke Amurka ya ce in tai kotu in ce na karye a shafe bashin kamar yadda suke yi can, abokina kuma ya ce in maida filin sunan matata in tai Abijan har ƙura ta lafa. Ba ni barci. Mi za ni yi?"

Alhaji, sannu, Allah ya kawo mafita. Zan fara da abokin nan naka don shawararsa ce ta fi daɗin ji kuma ita ce za ta iya kai ka gidan kaso. Bashi kansa ba laifi ba ne a doka, ba a ɗaure mutum don kawai ya kasa biyan abin da ya ranta, Nijar ma tun 1986 ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta hana hakan. Amma ranar da ka ɗauki fili ka rubuta sunan Hajiya alhali ka san ba ka iya biyan mutane, to ka bar sahun wanda kasuwa ta kayar ka koma sahun wanda ya ɓoye dukiya, shi kuwa wannan laifi ne da ake ɗauri a kansa. Kuma wayon ma ba ya ci, domin idan magana ta je kotu alƙali ne ke sa ranar da ka fara gaza biya, yana iya mayar da ita baya har wata 18, duk kyautar dukiya da ka yi daga wannan rana ba ta hana masu bin ka bashi komai, za a jawo filin a mayar cikin lissafi kamar ba a yi ba. Ka biya noter, mai tabbatar da takardun mallaka, a banza kenan, ka kuma jefa baiwar Allah cikin shari'ar da babu ruwanta. Tafiya Abijan kuwa ba ta tsayar da komai, mai bin ka bashi na da ikon kai ƙara a buɗe shari'ar ko kana nan ko ba ka nan, banki ya bi hanyar sayar da gidan da iyalinka ke ciki, asusun rance ya kama surukinka, kai kana can kana kashe salula.

Shi kuma ƙanenka ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani a can ya faɗa, sai dai dokar can ce. A Amurka mutum ko ba ɗan kasuwa ba ne yana iya zuwa kotun tarayya ya nemi a raba shi da bashi. Akwai abin da suke kira babi na 7, inda ake naɗa wani amintacce ya tattara dukiyarka wadda doka ba ta keɓe ba ya sayar ya raba wa masu bashi, bayan ƴan watanni a yafe saura, amma tun 2005 sai an auna abin da kake samu kafin a bari ka shiga, kuma tabon yana zama a tarihin bashinka shekara 10. Akwai babi na 13, wanda kake riƙe gidanka da motarka amma duk wata ka kai kuɗi hannun amintaccen shi ya rarraba, shekara 3 zuwa 5. Ko a can ɗin ma ba komai ake shafewa ba, kuɗin ciyar da ɗiya da wasu haraji da akasarin bashin karatu suna nan daram. Faransa kuma tun dokar 1989 akwai kwamiti a babban bankinsu da ke duba mutanen da bashi ya fi ƙarfinsu ya tsara musu biya, yanzu tsarin ba ya wuce shekara 7 a mafi yawan hali. Ka bar waɗannan a inda suke, ba su aiki a Yamai.

Abin da ke aiki a nan dokar OHADA ce, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da ƙasashen Afirka 17 ke bi, Nijar na ciki, yarjejeniyar tun 1993 aka ƙulla ta a tsibirin Moris kuma babbar kotunta na Abijan. Kar wani ya ruɗe ka da cewa ai mun fita CEDEAO, wannan daban wancan daban. Sashen da ya shafi karayar ɗan kasuwa an yi shi a 1998 aka sake shi a Satumban 2015, kuma sabon ya haɗa duk mai sana'ar kansa, ɗan kasuwa ne ko maƙeri ko manomi ko tela, ba sai kamfani ba. Ma'aikaci mai albashi dai ba ya ciki, masu karatu da ke aikin gwamnati su lura da wannan. Kai kana ciki, kuma tunda yaranka ba su kai 20 ba, idan cinikinka na wata 12 da suka wuce bai haura miliyon 50 ba to doka na ɗaukarka ƙaramin ɗan kasuwa, an yi muku hanya mai sauƙin takardu. Inda za ka je kotun kasuwanci ce ta Yamai.

Yanzu ga abin da nake so ka karanta sau biyu. Dokar nan ta ja layi guda, duk shari'arka a kansa take. Layin shi ne: shin kuɗin da ke hannunka yau, na aljihu da na banki, suna iya biyan basukan da lokacinsu ya riga ya yi? Ba a sa gida da fili da karo na magaza a wannan lissafin, don ba kuɗi ba ne tukuna. Idan amsar a'a ce to ka tsallake layin, kuma kana da kwana 30 kacal ka kai kanka kotu ka faɗa, wanda ya yi jinkiri ana iya riƙe shi da wannan jinkirin daga baya. Yadda ka zana mini halinka, da albashin yara wata 3 da takardar wisiye, gaskiya ina ganin ƙafarka ɗaya ta riga ta haura. Amma sabuwar dokar ta bar wata kafa mai amfani: idan masu bin ka bashi sun ɗaga maka ƙafa sun ba ka sabon wa'adi, bashin nan ba a ƙirga shi cikin wanda lokacinsa ya yi. Shi ya sa takarda guda daga Alhajin da ke ba ka kaya, mai cewa na jinkirta maka zuwa wata kaza, da wata daga banki, suna iya dawo da kai bayan layin. A rubuce fa, da sa hannu da kwanan wata. "Ba komai, je ka, sai ka samu" da aka faɗa maka a ƙofar masallaci ba ta zama hujja gaban alƙali.

Me ya sa nake nacewa kan komawa bayan layi? Don hanyoyi biyu mafi sauƙi na wanda bai haura ba ne kaɗai. Ta farko sulhu ne, konsiliyasiyon, ka rubuta wa shugaban kotu ya naɗa mai shiga tsakani ya zauna da kai da manyan masu bin ka, wata 3 ana iya ƙara 1, kuma a asirce ake yi, ba a bugawa a jarida, Katako ba za ta ji ba sai in kai ka faɗa. Ga mutum irinka da kunya ke ci fiye da bashin, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta biyu ta rigakafi ce, reglaman prebantif, nan kai ne za ka kawo tsarin biya da suke kira konkorda, in alƙali ya ga tsarin da gaske ne sai ya dakatar da masu bin ka, banda masu bin albashi da kuɗin ciyarwa, babu kwace babu wisiye har wata 3, nan ma ana iya ƙara 1, ya naɗa gwani ya duba lissafinka ya taimaka a daidaita. Wa'adin biya a wannan tsari ba ya wuce shekara 3, na albashin ma'aikata shekara 1. Amfaninta gare ka har da surukinka, don mutumin da ya tsaya wa wani shi ma dakatarwar na rufa masa asiri. Illarta ita ce ana sanarwa, kuma muddin kana ciki ba ka da ikon zaɓar wani tsohon bashi ka biya a ɓoye ko ka sayar da wata babbar kadara sai da izinin kotu.

In kuwa an ƙi ɗaga maka ƙafa, ka haura kenan, saura biyu: ko a tayar da sana'ar, redresman, ko a sayar da komai a rufe, likidasiyon. A nan ne sindik ke shigowa, kuma shi ne mutumin da ƴan kasuwarmu suka fi yi wa mummunar fahimta, wasu na ganin aboka ne, wato lauyan da kotu ta ba su, wasu na ganin ɗan sandan banki ne, duk ba haka ba. Ka ɗauke shi kamar malamin da aka kira rabon gado, ba na magaji ko ɗaya ba ne, aikinsa ya ƙirga abin da aka bari ya tantance mai haƙƙi ya ba kowa gwargwadon abin da ƙa'ida ta ce. Kotu ce ke naɗa shi, ba ya yiwuwa ya zama ɗan'uwanka na kusa ko kontabil ɗin da ya yi maka aiki kwanan nan, kuma a kansa akwai wani alƙali da aka ɗora wa sa ido kan shari'ar, wurinsa ake kai kuka in sindik ya yi ba daidai ba, ana ma iya naɗa wasu daga cikin masu bin bashi su riƙa leƙa aikinsa. Zai zo magaza ya ƙirga kwali-kwali, zai karɓi kaye da rasit, zai sa a yi sanarwa duk mai bin ka ya kawo hujjarsa cikin kwana 60, na ƙasar waje 90, ya duba wanne ne gaskiya wanne aka yi wa ƙari. Zai kuma bi waɗanda kai kake bi, wato miliyon 4 ɗin nan da kake jin nauyin tambaya don wane aminin babanka ne wane kuma liman ne, shi ba ruwansa da wannan. Kuɗin da ya tara asusu na musamman suke shiga, ba aljihunsa ba. Ladansa kuwa daga dukiyarka ake cirewa kafin masu bashi na gama-gari su ga ko dala, wannan na cikin dalilan da suka sa ban cika tura ƙaramin ɗan kasuwa can da gaggawa ba, a dukiyar da ba ta da yawa kuɗin shari'a na cin rabo mai tsoka.

Bambancin hanyoyin biyu a wurinka shi ne wa ke riƙe da makulli. A redresman kana nan a butik kana ciniki amma duk wani babban abu sai da hannun sindik, kana da kwanaki ƙididdigaggu ka kawo konkorda, masu bashi su taru su jefa ƙuri'a, in mafi yawansu sun yarda kuma kuɗin da suke bi ya kai rabin jimillar bashin, kotu ta amince, to ya hau kan har waɗanda suka ƙi daga cikin masu bashi na gama-gari. In wata 6 ta wuce babu daidaito, ana iya ƙara 3, sai a juya zuwa sayarwa. A likidasiyon kuwa an karɓe makullin gaba ɗaya, sindik ne ke sayarwa da karɓa da sa hannu a madadinka, kuma tunda sana'ar da sunanka take ba kamfani ba, babu katanga tsakanin butik da gida, fili da gida duk suna ciki, kayan larura na zaman gida da makamantansu ne doka ta hana taɓawa. Rabon ba kan wanda ya fi ɗaga murya ake yi ba, akwai jeri: kuɗin shari'a, albashin yara, banki a kan kuɗin gidan da aka jinginar masa, lanho, sannan irin su Alhajin da ke ba ka kaya da gwaggo su raba abin da ya rage gwargwadon abin da kowa ke bi. Doka ta ce a gama cikin wata 18, ana iya ƙara 6.

To ina shafe bashin da ƙanenka ke magana? Akwai ɗan kama da shi tun gyaran 2015. Idan an sayar da komai bai isa ba aka rufe shari'ar, a ƙa'ida masu bashi ba su da ikon sake bin ka ɗaya-ɗaya. Amma wannan sassaucin na mai gaskiya ne. Wanda kotu ta kama da ɓoye kaya ko lissafin ƙarya ko ta yanke masa hukuncin hana shi kasuwanci, wanda kan kai har shekara 10, ya rasa shi, kowa ya dawo kansa. Kuma surukinka in shi ya biya asusun a madadinka yana da ikon bin ka ko bayan an rufe. Ka ga inda shawarar abokinka ta kai ka, ita ce daidai abin da zai hana ka samun abin da ƙanenka ke maka kwaɗayi.

Ra'ayina dai, ba ka kai ga sayar da komai ba, kuma lissafinka ne ya nuna haka ba lallashi nake ba. Ana bin ka miliyon 19. Ka ɗauki jikka 300 a wata, ƙaramin adadin, kar ka kuskura ka yi alkawari da 400 don watan azumi da damina ba sa tambayar ka kafin ciniki ya faɗi. Jikka 300 sau wata 36 miliyon 10 da jikka 800 ne. Ka sayar da filin da hannunka a farashin kasuwa, a fili kowa ya sani, ba ga ɗan'uwa a rabin kuɗi ba, miliyon 5 kenan, don filin da aka yi gwanjonsa ta hannun shari'a da wuya ya kawo abin da mai shi zai samu in ya nemi mai saye a natse. Daga miliyon 4 da kake bi ka sa ran rabi, 2. Jimilla miliyon 17 da jikka 800, kuma ba ka taɓa kayan magaza ba, su ne ke haifar da jikka 300 ɗin ai, wanda ya karyar da su don ya rufe bakin mutum ɗaya ya kashe tsarin duka. Giɓin da ya rage, da ruwan da ke ci gaba da hawa wanda ban sa a nan ba, shi ne abin da za ka zauna ka roƙa a sassauta, musamman tarar jinkiri. Banki ba ya son gidanka kamar yadda kake zato, sayar da gida ta kotu na ɗaukar lokaci da kuɗi, mutumin da ya zo da takarda mai lissafi da miliyoyin fili a hannu ana saurarensa fiye da wanda ya ɓace wata 3. Ka kuma nemi teburin biya na asusun rance ka ba wani mai ilimin lissafi ya duba, don a yankin sefa akwai iyakar ruwa, a 2014 an sa 15 cikin 100 ga bankuna, 24 ga ƙananan asusai, da kuɗin dosiye da sauran tarkace duk a ciki ake ƙirgawa. Sabon rance don toshe tsoho kuwa, musamman wurin masu ba da kuɗi da ruwa na bayan fage, ka rufe wannan ƙofar.

Alhajin da ke ba ka kaya ta hanyarmu ta kasuwa za ka fara bi da shi, ka ɗauki dattijo ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu, ku je gida ba butik ba, ka buɗe masa kaye duka har da abin da banki ke bi, kar ka rage. Ɗan kasuwa ya san faɗuwa, abin da ba ya yafewa shi ne ya ji a bakin wani. In akwai kayansa da ya ajiye maka ka sayar masa, ba sayar maka ya yi ba, kuma suna nan yadda suke, ka ware su, doka ma ta ba shi ikon karɓar abinsa. Duk abin da kuka daidaita a rubuta, in so samu ne a kai wa noter ko a bi ta cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin zauren ƴan kasuwa a nan Yamai, don yarjejeniyar ta yi ƙarfin da ba wanda zai wayi gari ya ce bai san zance ba.

Takardar wisiye kuma, don Allah kar ta kwana a ƙarƙashin sallaya. Ka duba ko umarnin biya ne da alƙali ya sa wa hannu, in shi ne to wa'adin ƙalubalantarsa kwana 10 ne tun gyaran da aka yi wa dokar karɓar bashi a 2023, in ya wuce ba ka motsa ba umarnin ya zama kamar hukunci sai kwace. A wannan dokar dai akwai aya ta 39 da mutane da yawa ba su sani ba, ta ba alƙali ikon duba halin mai bashi da buƙatar mai bi ya jinkirta ko ya rarraba biyan har shekara 1, banda kuɗin ciyarwa da bashin takardun banki irin su cek. Wannan ayar ma'aikaci mai albashi ma na iya roƙonta. Kuma kar ka ba kowa cek alhali ka san asusun wayam ne don ka samu ya tafi yau, nan ma ana iya zamewa daga bashi a faɗa laifi.

Saura mutanen gida, su ne suka fi ba ni tsoro a wasiƙarka. Kuɗin gwaggo ba rance ba ne, ajiya ce, kuma wanda aka ba ajiya ya juya ta ba da izini ba, in mai ita ko ɗiyanta suka fusata suka je komisariya ana iya kiransa cin amana, wannan shari'ar laifi ce ba ta bashi ba. Ka je da kanka ka durƙusa ka faɗa mata, kar ta ji a wurin biki, in ta yarda a mayar da shi rance mai wa'adi a rubuta gaban shedu biyu. Amma kar ka kwashi kuɗin fili ka kai mata a ɓoye ka bar saura, fifita mai bashi ɗaya bayan ka gaza biya na cikin abin da ake tuhumar mutum da shi, ka sa ta cikin tsarin a fili ka roƙi sauran su yarda a fara da ita, da wuya Alhajin da ke ba ka kaya ya ce a'a kan tsohuwa. Surukinka ya kamata ya ga takardar wisiye yau, shi ma wuyansa na ciki, ba daidai ba ne ya fara sani ranar da aka buga masa ƙofa. Yaran butik su ne na farko, a doka ma suna gaban kusan kowa, kuma jikkunansu ba su ne za su karya ka ba. Hajiya kuwa abin da yake nata nata ne, zinariyarta da kayan ɗakinta da abin da ta gada ba sa cikin bashinka, ta adana rasit da shedu, in dai ba da kuɗinka na kasuwa aka saya aka laƙa mata suna ba. Ka zaunar da ita ka gaya mata gaskiyar lamba, ba "akwai ɗan matsi" ba, tunda ita ce za ta rage tukunya shekara 3.

Na san kuma abin da ke hana ka barci ba kotu kaɗai ba ce. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da babin wanda bashi ya cinye dukiyarsa, alƙali ya hana shi taɓa ta a raba wa masu bi gwargwado, don haka zuwa kotu ba fita daga tarbiyya ba ne. Aya ta 280 a Baƙara ta umarci mai bin bashi ya jira wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, aya ta 60 a Tauba kuma ta sa mabarta cikin masu cin zakka, saboda haka in wani ɗan'uwa mai hali ya miƙo zakkarsa don a rage bashin kar girman kai ya sa ka mayar. Shi ƙanen naka ma ka ce masa maimakon babi na 7 ya duba ko zai iya ɗaukar albashin yaran nan biyu. Ko kotu ta rufe shari'a, ko akwai saura a wuyanka tsakaninka da Allah, wannan ka zauna da malaminka ku tattauna, ba fagena ba ne.

Ka nemi aboka wanda ya saba da kotun kasuwanci, ba kowane ba, ka tambayi kuɗinsa tun a zaman farko a rubuta. In aljihu bai kai ba akwai hukumar ANAJJ ta taimakon shari'a, bayani dai za ka samu kyauta. Ka tafi da kaye, da takardun rance biyu, da takardar wisiye, da rajistar kasuwanci in kana da ita, da jerin duk wanda ke bin ka da wanda kake bi da lambobinsu, takardar da ta ɓace kuma ka rubuta dalilin ɓacewarta don kotu na tambaya. Abu na farko da za ka sa ya duba shi ne ranar da wisiye ya miƙa maka takardar nan, daga ita ake ƙirga kwana 10 ɗin.